Yadda Matafiyi Zai Dawo Gida da Hotuna Masu Kyau

Kusan duk bayan Sallah, ko bayan dawowar alhazai, sai an turo mini hotuna da tambaya iri ɗaya: me ya sa abin da ido ya gani bai fito a hoton ba? Wani fuskokin mutanensa sun yi baƙi ƙirin a cikin fararen kaya, wani dawakinsa sun yi dishi-dishi, wani kuma sai da ya iso gida ya tarar katin ajiyarsa ya ƙi buɗewa. Akasari ana ɗora laifin a kan waya ko kyamara, alhali a yawancin hotunan da na duba na'urar ta yi iyakar ƙoƙarinta, shirin da ya kamata a yi kafin a danna ne ba a yi ba. Matakan nan na jera su yadda aikin yake tafiya, kuma sun shafi mai waya da mai kyamara.

1. Zaɓen na'ura

Idan abin da za ka ɗauka shi ne 'yan uwa, kasuwa, gine-gine da abinci, wayar da ke aljihunka ta isa. Kyamara tana zama dole ne a wuri biyu: abin da ke nesa, kamar giwaye ko gwanki a dajin Yankari, da abin da ke gudu, kamar dawaki a filin hawa. A nan kana bukatar gilashin zuƙowa, misali mai 55–200mm ko 70–300mm, ƙari a kan ɗan ƙaramin 18–55mm da yakan zo da kyamarar.

Farashin waɗannan kaya yana bin canjin dala, don haka abin da zan ba ka shi ne yadda za ka raba kuɗin. Kada ka zuba duk abin da ka tanada a jikin kyamara, ka ware wani kaso na batir na biyu, katin ajiya biyu da jaka mai rufi. Kyamara ta hannu mai lafiya da gilashi mai kyau ta fi sabuwa fil da ba ta da abin tafiya. In za ka sayi ta hannu, ka duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka ɗaga gilashin saitin haske ka duba ko akwai tabo ko wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, sannan ka ɗauki hoton farar takarda ka zuƙo shi, duk ɗigon da ke kan farantin karɓar haske zai bayyana.

Gargaɗi: kada ka sayi sabuwar na'ura ana gobe tafiya. Ka ba kanka aƙalla mako ɗaya kana gwada ta a gida da unguwa har hannunka ya san inda kowane maɓalli yake.

2. Katin ajiya

Ka fara da lissafi. Hoton waya na yau da kullum yakan ci megabayit 3 zuwa 5. Kyamara mai megafiksel 24 tana cin kimanin megabayit 10 a tsarin JPEG, wato hoton da aka saba da shi wanda na'ura ta riga ta matse, da kimanin 25 zuwa 30 a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da ake gyarawa a kwamfuta. Ke nan kati mai gigabayit 64 zai ɗauki hotunan RAW sama da 2,000, ko na JPEG kusan 6,000. Bidiyo ne mai cinye wuri, domin minti ɗaya na 4K a waya yana iya lashe megabayit 170 zuwa 400, gwargwadon tsarin da aka saita.

Kati biyu masu gigabayit 64 sun fi guda ɗaya mai 128, saboda in ɗaya ya lalace ko ya ɓata, rabin tafiyarka na nan. Ka nemi mai alamar U3 ko V30 a jikinsa, ma'anarta yana rubuta aƙalla megabayit 30 a daƙiƙa, abin da bidiyo da ɗauka a jere suke bukata.

Gargaɗi: katin jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma ni kaina na taɓa faɗawa. An rubuta masa babban adadi, waya ma ta nuna haka, amma da hotuna suka wuce ainihin cikinsa sai fayilolin suka riƙa lalacewa ba tare da wata sanarwa ba, ban gane ba sai bayan an watse daga taron. Tun daga ranar nake gwada kowane sabon kati kafin tafiya. A kwamfuta akwai manhajar H2testw ta kyauta da ke cika katin ta karanta shi. In babu kwamfuta, ka cika shi da bidiyo har ya ƙoshi, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Katin da arharsa ta yi yawa, ka bar wa mai shi kayansa.

3. Wuta da caji

Batir biyu ga kyamara shi ne mafi ƙaranci, uku in za ka wuni a fili. Ga waya, fawa-bank mai 20,000mAh yakan cika ta sau uku ko huɗu. Ka haɗa da igiyar caji guda biyu, don ita ce ta fi saurin mutuwa a hanya.

Ka kuma san irin soket ɗin ƙasar da za ka. Kan caja mai ƙafa uku da muke amfani da shi a Najeriya yana shiga a Ghana da Saudiyya, amma a Nijar da Kamaru soket mai rami biyu zagayayyu irin na Faransa ya fi yawa, sai ka tafi da adafta.

Gargaɗi ga mai hawa jirgin sama: fawa-bank da batirin da ba ya cikin na'ura ba sa shiga jakar da za a auna a kai cikin jirgi, a jakar hannu ake riƙe su. Iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh. Mai 20,000mAh yana da kimanin 74Wh, ya wuce lafiya, amma wanda ya haura 27,000mAh ya tsallake iyakar. Wasu kamfanonin jirage sun kuma hana amfani da shi yayin tafiya, don haka ka duba ƙa'idar kamfanin da ka yanki tikitinsa.

4. Saita na'ura kafin ka fita

Wannan aikin minti biyar ne. Ka gyara kwanan wata da agogon kyamara, don hotunanta su jeru daidai da na waya. Ka zaɓi inganci mafi girma. Ka kunna layukan da ke raba fuskar na'ura gida tara. In kana da niyyar gyara hotuna a kwamfuta ka sa RAW tare da JPEG, in kuwa ba ka da wannan niyyar JPEG kaɗai ya wadatar. Sannan ka goge idon kyamarar waya, wanda ya wuni cikin aljihu da gumi da maiƙon hannu. Da yawan hotunan da ake cewa sun yi hazo, maiƙon yatsa ne kawai.

5. Haske

A nan zan daɗe, domin a nan hoto yake gyaruwa ko ya ɓaci. A ƙasarmu rana tana hawa tsakiyar kai da wuri. Daga wajen ƙarfe 11 zuwa 3 haske daga sama yake sauka, sai hula ko rawani ko gyale su jefa inuwa a kan idanu, bangon ƙasa kuma ya rasa zanensa ya zama fili ɗaya. Lokutan aiki biyu ne: daga fitowar rana zuwa hantsi, da la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. A waɗannan lokuta haske daga gefe yake zuwa, yana fito da zanen dagi a bangon fada, da itatuwan da ke jikin hasumiyar masallacin Agadez mai tsayin mita 27, da shuɗin baba a marinar Ƙofar Mata. Sai dai ka sani, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, rana ba ta jinkiri wajen faɗuwa. Wanda yake son hoton Kano daga kan Dutsen Dala, ya hau tun bayan la'asar ya zaɓi wurin tsayawa, in ya bari sai rana ta yi ja zai isa sama yana haki haske ya tafi.

Matsalar da ta fi damun masu ɗaukar hotonmu ita ce baƙar fata cikin farin kaya. Na'ura tana auna hasken duk abin da ke gabanta, in ta ga farar shadda ta cika wuri sai ta rage haske, fuska ta nutse. A waya, ka taɓa fuskar mutumin a allo, ɗan hoton rana zai fito, ka ja shi sama kaɗan har fuskar ta bayyana. In ka danne wurin na ɗan lokaci, saitin zai kulle ba zai sauya ba. A kyamara, ka nemi maɓallin da ke da alamar +/- ka ƙara +0.7 ko +1.

Gargaɗi: in ka ƙara da yawa, aikin da ke wuyan babbar riga zai ƙone ya zama fari fat, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa wajen gyara. Maganin da ya fi shi ne ka matsar da mutumin inuwa mai haske, kamar bakin zaure ko gindin bango, fuskarsa na kallon waje. Ka guji inuwar bishiyar da rana ke ratsawa, don tana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Kada ka tsayar da mutum rana na bayansa sai in inuwarsa kawai kake so. In wurin bai ba da zaɓi ba, ka kunna HDR a waya, wato tsarin da ke daidaita wuri mai haske da mai duhu a hoto ɗaya, ko ka kunna filasha duk da rana ce, in mutumin bai wuce taku uku ba.

Hunturu yana da nasa hali. Hazo yana cinye shuɗin sama, yana shafe duk abin da ke nesa, saboda haka hoton gari daga kan tudu ba ya yin armashi daga Disamba zuwa Fabrairu. Amma hazon nan yana tausasa rana, fuska tana fitowa da kyau ko da hantsi ya dubi ludayi. A irin wannan lokaci ka rage sama a cikin hoton, ka matsa kusa da mutane da sana'arsu.

Da dare kuwa, filashar waya ba ta kai ko'ina bayan taku biyu ko uku, kuma in akwai ƙura a iska sai hoton ya cika da fararen ɗigo. Ka kashe ta, ka kunna tsarin dare, ka jingina wayar da bango ko saman mota, ka sa ta ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙu don hannunka kada ya girgiza ta. Mintuna kamar 20 bayan faɗuwar rana, sama tana da sauran shuɗi fitilu kuma sun kama, nan ne hasumiya da kasuwar dare suka fi kyau.

6. Tsara hoton

Zuƙowa da yatsu biyu a waya yankan hoto ne kawai, inganci yake ragewa. Ka yi amfani da lambobin da ke ƙasan allo, irin 1x da 2x ko 3x in wayarka tana da ido fiye da ɗaya, in ba haka ba ka taka da ƙafarka. Ka daidaita layin ƙasa ko na ruwa da ɗaya daga cikin layukan da ka kunna, ka ajiye mutum a gefe kaɗan inda layuka suka gitta, ka bar fili ta ɓangaren da yake kallo. Kafin ka danna, ka dubi bayansa, ko akwai turken wuta da ya tsiro a kansa, ko leda, ko rabin babur. Taku ɗaya zuwa dama yakan kawar da su.

A kowane wuri ka nemi hoto iri uku: mai faɗi da ke nuna wurin, matsakaici da ke nuna mutum yana aikinsa, da na kusa ƙwarai, kamar hannun marini da baba ya rina ko adon linzamin doki. Su ne idan aka jera za su ba da labarin tafiyar ga wanda bai je ba.

7. Abin da ke gudu

Hawan Sallar Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024, da bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya shiga jerin a 2016, su ne wuraren da aka fi kawo mini ƙorafi. Dalili ɗaya ne: na'urar ba ta ƙifta da saurin da ya kamata ba. A kyamara ka juya zuwa S, ko Tv a kyamarorin Canon, wato tsarin da kai ne ke zaɓen saurin ƙiftawa, ka sa 1/1000 na daƙiƙa ga doki mai sukuwa ko masunta da ke rugawa cikin kogin Matan Fada, 1/250 ga mai tafiya a ƙasa, ka bar ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar hasken kyamara, ya daidaita kansa. Ka kunna ɗauka a jere da saitin da ke bin abin da ke motsi, wanda ake rubuta shi AF-C, ko AI Servo a Canon. A waya ma akwai ɗauka a jere, yawanci ta hanyar danne maɓalli ko jan sa gefe.

Ka isa da wuri, ka zaɓi inda rana ke bayanka ko gefenka. Hawan Daushe da yamma ake yinsa, kuma jahi a Ƙofar Kudu yakan zo haske ya fara janyewa, saboda haka ka yarda ISO ya hau 1600 ko 3200. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya amfani da shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Kafin ka ɗaura niyyar tafiya ma, ka tabbatar za a yi hawan a shekarar, don akan dakatar da shi wani lokaci.

Gargaɗi: mai kallo ta cikin kyamara ba ya gane kusancin doki. Ka tsaya inda dogarai da jami'an tsaro suka tsayar da jama'a, kada ka haska wa doki filasha, kuma ka ɗaura igiyar na'urar a wuyan hannunka, don cunkoso wurin masu ƙwacen waya ne.

8. Izini da doka

Ka yi sallama, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka, sannan ka ɗaga na'ura. Dattijon da ke saƙar tabarma ko mai ƙira a maƙera, in ka ce masa "Baba, sannu da aiki, ko za a ba ni izini in ɗauki hoton aikin nan?" yawanci zai yarda, har ya gyara zama. In ka gama ka nuna masa, in akwai abin sayarwa ka saya ko ka ba da na goro. Wanda ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. Mata ba a ɗaukarsu sai da yardarsu, yara sai da yardar iyaye ko malaminsu, kuma ina roƙo a daina mayar da almajirai da mabarata kayan ado a shafukan sada zumunta.

Barikin soja, shingen bincike, ofishin 'yan sanda, wuraren tantance fasinja a filin jirgi da kan iyakar ƙasa, ka mayar da na'urarka jaka. Ƙaramin abin da zai same ka shi ne a sa ka goge hotunan. Gidajen tarihi da wuraren shaƙatawa wasu suna karɓar kuɗin kyamara daban da na shiga, ka tambaya a ƙofa ka karɓi rasit. Ɗan ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai kyamara, wato drone, yana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a Najeriya, kuma kada ka tsallaka da shi wata ƙasa ba ka san dokarta ba. A Saudiyya ɗaukar mutum da yaɗa hotonsa ba da yardarsa ba yana iya kai wa ga hukunci, a Harami kuma tsayawa ɗaukar hoto a wurin ɗawafi yana tare wa jama'a hanya, ka bi umarnin askarawa.

Gargaɗi: kada ka wallafa hoton masaukinka ko hanyar da kake kai alhali kana wurin. Ka bari sai ka tashi. Ka kuma sani cewa hoton da aka tura a matsayin fayil yana iya ɗauke da bayanin ainihin inda aka ɗauke shi, in ba ka kashe wannan saitin ba.

9. Ƙura da zafi

Kada ka sauya gilashin kyamara a fili cikin iska. Ka shiga ɗaki ko mota, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka sauya da sauri. Wajen gogewa, ka fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, sannan buroshi mai laushi, sannan ƙyallen goge tabarau. Goge gilashi mai ƙura da gefen riga daidai yake da goge shi da yashi. Farantin cikin kyamara kuwa kada ka taɓa shi, ka kai wa mai gyara.

Kada ka bar na'ura ko batir a motar da aka rufe cikin rana, musamman a bazara. Da damina, in ka fito daga ɗaki mai sanyin na'ura, gilashi yakan yi raɓa, ka bar kyamarar cikin jakarta na wasu mintuna kafin ka buɗe.

10. Kwafi kowane dare

Kafin ka kwanta, ka jona batura a caji, sannan ka kwafe hotunan ranar zuwa wuri na biyu: kwamfuta, filas, ko waya ta hanyar ɗan abin karanta kati da ake jonawa a wurin caji. In masaukin yana da intanet, ka ɗora zaɓaɓɓu a Google Photos ko iCloud. Google yana ba da gigabayit 15 kyauta, wanda Gmail ma a ciki yake ci, iCloud kuma 5, saboda haka hotuna za ka ɗora, bidiyo ya jira gida don kada ya cinye maka data. Katin da ya cika ka ajiye shi a jikinka, a jakar da ba ta kyamara ba.

Gargaɗi: kada ka share kati sai ka buɗe kwafin ka ga hotunan da idonka a wuri biyu. In za ka share, ka yi a cikin kyamarar da za ta yi amfani da shi. In kuma ka goge wani abu bisa kuskure, ka cire katin nan take kada ka ƙara ɗaukar ko ɗaya a kansa, manhajoji irin PhotoRec da Recuva sukan dawo da abin da ba a rubuta wani a kansa ba.

11. Tacewa, gyara da aikawa

Da ka huta, ka buɗe jakar ajiye fayiloli a kwamfuta ko waya, ka sa mata suna da shekara da wata da sunan gari, ka zubar da masu girgiza da waɗanda aka rufe ido, cikin kowane goma masu kama da juna ka riƙe ɗaya. Wajen gyara, Snapseed kyauta ne kuma ya isa. Ka bi wannan jeri: miƙe hoton, yanke gefen da ba a so, daidaita haske, ɗaga inuwa kaɗan, launi a ƙarshe. Ka yi aikin a kan kwafi, na asali ya zauna yadda yake. Ka kashe abin nan da ke goge fuska ya haskaka fata, domin yana mayar da mutum wani daban, ya shafe zane da tsagar da aka san shi da su.

WhatsApp yana matse hoto in aka tura shi kai tsaye. Ka danna alamar HD kafin ka tura, ko ka aika shi a matsayin fayil ta wurin da ake tura takardu, musamman ga wanda zai wanke shi. Hoto mai megafiksel 12 ya isa a wanke shi garau a girman takardar A4, muddin na asalin ka kai wa mai wankin a filas ko a kati, ba wanda ya zagaya ta zauruka biyu ko uku ba. In akwai wanda ka yi wa alkawarin hotonsa a hanya, ka haɗa da nasa a wankin, ka ba direba ko wani mai zuwa garin ya kai masa.